Mazarin Kande

Malam Audi ya tsufa a rumfarsa ta kasuwar Kurfi, yana rubuta wa mutane wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da suka tafi cin rani Kurmi suka ƙi dawowa. A allo yake fara rubutun, ya kai gida ya karanta wa matarsa Kande tana kaɗi. In mazarinta ya ci gaba da juyawa, sai ya wanke allon ya sake.

"Malam, gaisuwar ta yi yawa," takan ce. "Ka faɗa masa uwarsa ta daina fita tarbar mota ran kasuwa."

Sai mazarin ya tsaya a hannunta yake kwafewa a takarda. Irin waɗannan wasiƙun kan dawo da mutum kafin shuka.

Kande ta rasu shekarar samun mulkin kai. Audi bai bar rumfar ba, amma ya gaji da wankin allo. Ya koma rubutu kai tsaye, gaisuwa kaɗai shafi guda, jama'a suna yaba tsawon wasiƙar. Shi dai yana gani damina ta sauka, gonakin ƙauyen Rawayau da ke kusa da yawa ba mai noma su, 'yan cin rani ba su dawo ba.