Shanun Yumɓu a Zaurenmu

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Garwa ba. A Ngaundare dogo ya tsaya, can ne kuma Baba ya ƙarar da ƙarfinsa yana loda shanu a tarago zuwa Yawunde. Da ɓarin jikinsa ya shanye, muka dawo da shi gida. Likita ya ce hannun zai iya farfaɗowa in ana motsa shi, amma Baba ya juya fuska ga bango, ya daina magana, ko ƙofar ɗaki ba ya yarda a kai shi. Tsorona shi ne kada ya bar mu tun yana numfashi.

Sana'ata gyaran rediyo da fanka. A wajen masu kayan gwanjo na tsinci wani kwali, cikinsa ƙananan jiragen ƙasa biyu masu aiki da lantarki, da guntayen dogo. Takardar bayanin da Faransanci take. Lokacin ban daɗe da shiga ajin karatun manya ba, sai na riƙa bin ta da yatsa bayan la'asar, kalma ɗaya yau, wata gobe, har na gane inda kowace waya ke shiga.

Na kafa faffaɗan katako a zaure, na barbaɗa masa yashin Binuwai. Da takardar buhun siminti da sitaci na tayar da dutse a ƙarshensa, na huda masa kogo. Na gina shanu da yumɓu, farare da jajaye, ƙahonsu na ƙaya. In rana ta sauko ta shigo ta ƙofa, inuwarsu kan miƙe a kan yashin, sai in ga kamar suna tafiya a hankali zuwa mashaya.

Mai ɗakina ta leƙo ta ce, “Maigida, da furfura a gemu kake wasan ƙasa? In maƙwabta sun tambaya me zan ce?”

“Ki ce na samu aiki a gar, tashar jirgin ƙasa.”

“To, shugaban gar, ga kununka nan yana hucewa.”

Ƙarar ƙafafun jirgin ce ta kai wa Baba. Wata safiya ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna zaure, muka ɗauko shi a kujera. Na jera shanu a tarago, na kunna. Jirgin ya bi gefen katako, ya shige kogo, ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren da shanunsa cif. Ina murmushi na juyo, sai na ga fuskar Baba ta ɓaci.

“Sun dawo,” in ji shi. Muryar ta dushe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

“Su wa, Baba?”

“Shanun mana! Kai wane irin ɗan dillali ne? Shanu su je Kudu su dawo? Ai sai in kasuwa ta mutu, ko an ga cuta a jikinsu. Mai da ni ɗaki.”

Ni da nake neman faranta masa, ashe masifar da ya fi tsoro a rayuwarsa na kunna masa, tana ta zagayawa.

Na zauna na yi ta kallon dutsen nan har na gane cewa Kudu zan gina a bayansa. Na faɗaɗa shi, na shimfiɗa layi biyu a ɓoye. Ƙarƙashin kan kowane jirgi na manna maganaɗisu, tsakanin dogo kuma na binne ɗan makunnin da ke rufewa in maganaɗisu ya bi ta kansa. Jirgin shanu na shiga, sai wutar layinsa ta yanke, ya tsaya a duhu. Nan take agogon wata tsohuwar fanka ya fara juyawa. In ya kai ƙarshe, sai ya karkata dogo, ya saki jirgi na biyu. Shi wannan na cika shi da huhunan goro na ganye da 'yan nonnan ayaba. Na sha lalata wayoyi kafin abin ya yarda ya yi tafiyarsa ba da hannuna ba.

Da ƙyar Baba ya yarda aka sake fito da shi. Jirgin shanu ya shige kogo, zauren ya yi tsit. Agogon na ƙas-ƙas a ɓoye. Baba ya lumshe ido, leɓensa na motsi, na ji yana ambaton garuruwan da jirgi ke ratsawa, ɗaya bayan ɗaya, cikin dazuzzukan da ban taɓa gani ba. Har ni ma na ji ƙamshin jar ƙasa mai danshi, na ji kukan shanu yana nisa.

Can sai ƙara ta taso. Jirgi ya fito da goro, babu saniya ko ɗaya.

“An sayar,” Baba ya ce, ya sauke ajiyar zuciya. “Alhamdu lillahi.”

Na ɗauko wasu shanun zan jera a wani tarago da ke jira a gar. Ya tsuke baki.

“Haba! Duk fuska ɗaya? Kafin a kai garin Belabo sun tsone wa juna ido. Kai da wutsiya ake yi, kai da wutsiya. Matso da ni.”

Na jawo kujerar. Ya sa hannun mai lafiya ya tallafo shanyayyen, ya ɗora shi kan katako. Yatsun suka rufe a hankali a kan wani jan sa, suka fara juya shi.