Gida Bakwai da Sunka Raba Aure

Ko tsufa ya cinye mini hankali har na kasa gane ƙofar gidana, abin da na yi wa wani tsoho da biro da takarda ba zai fita raina ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Na riga na ga abin da rubutu ke yi.

Ni mai faci ne a Malanbil. Rumfata tana bakin titin gada, inda kamiyo, manyan motocin kaya, ke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan. Lakwal, makarantar boko, na yi aji shida, na faɗi jarrabawa, ubana ya ce ya isa haka. Waɗanda nake ba amsa a aji yau suna wucewa cikin mota, ko hannu ba su ɗaga mini, sai ranar da ƙusa ta shiga tayarsu.

Cikin tsofaffin jaridun Faransanci da ake naɗe soyayyen kifi na fara ganin wasan da suke kira mokurwaze. Zane ne mai ƙananan gidaje, wasu farare wasu baƙaƙe, a ba ka tambayoyi, ka cike fararen da haruffan amsa, kalmomin kwance su ratsa na tsaye. Faransancina bai kai in cike ko rabin guda ba. Haushi ya kama ni, na ce to bari in yi nawa da Hausa, mu ga mai takardar da zai iya. Na sayi kaye, littafin rubutu mai layin gida-gida irin na lissafi, na fara.

Wanda bai taɓa yi ba yana tsammani zanen ne wahala. Samun kalma ce wahala. Kalmomin yau da kullum suna ƙarewa da wuri, sai ka koma farauta. Direbobi na hira, ni ina kankare tiyo ina saurare. Mata masu albasa na zagin juna, ina rubutawa a tafin hannu. Wurin masunta na samo sunayen kifi da na taru, da kalmomin Dendi da sunka zauna cikin Hausarmu har munka manta baƙi ne. Wani mushe mutumin kudu, mai koyarwa a kwaleji, ya kawo babur ɗinsa faci wata rana ya ga kayen. Ya roƙa in riƙa ba shi guda kowane mako, shi yi fotokopi shi raba wa ɗalibansa. Shi ne mai takarda na farko da ya taɓa ce mini Malam, kuma kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Amma wanda ya fi kowa ba ni kalmomi wani tsoho ne, manomin shinkafa, gonakinsa na wani gangare ta hanyar Garu, shi kuma yana zaune cikin gari. Kusan kullum sai ya turo kekensa.

"Ɗan lakwal, yau ma gina gidajen kake waɗanda ba a kwana ciki?"

"Baba, wagga tiyo taka faci ya fi roba yawa. Ka jefar."

"Ni ma haka nike, kuma tsohuwata ba ta jefar da ni ba. Liƙa mini."

Yana zaune bisa tsohuwar taya, ni ina liƙi, shi yana zubo mini sunayen irin shinkafar da ba a shukawa yanzu, da na iskoki, da na mashigan ruwa. Wata Jumma'a bayan an sauko masallaci, babu kowa rumfar, na tambaye shi ko gangaren nasu yana da wani suna na da. Ya duba titi ya ga ba mai zuwa. Sannan ya faɗa mini, murya ƙasa, kalma mai harafi bakwai.

"Nan anka zaunar da waɗanda anka sayo," ya ce. "Kakana na cikinsu. Tsofaffin gari sun sani sun yi shiru, mu ma mun yi shiru, yara sun tashi ba su sani ba. Wagga ta kunnenka ce, ɗana, ba ta takardarka ba."

Na ce wallahi, Baba. Da bakina na rantse.

Bayan kamar wata biyu wani zane ya cije mini a kusurwar ƙasa. Gida bakwai a tsaye, kalmomi huɗu na kwance sun ratsa su, duk abin da na gwada sai ya ɓata guda. Kwana tara ina gogewa har takardar ta huje. Rana ta goma kalmar tsohon ta faɗo mini, na gwada da fensir, ta zauna daram kamar don wurin anka halicce ta. Ba zan ce mantuwa na yi ba. Na tuna rantsuwata sarai. Na dai ce wa kaina ai sunan wuri ne, ba sunan mutum ba. Kuma da na zo rubuta tambayar, ina iya cewa tsohon sunan gangaren shinkafa na hanyar Garu in tsaya nan, amma sai na ƙara: inda anka zaunar da bayi. Ina son mushe shi ga na san tarihi.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda wasan ke aiki, ni da nake yin shi. Tambayar da ɗalibi bai sani ba, gida yake kai ta. Mushe ma haka yake ce musu, ku tambayi kakanninku. Cikin mako guda maganar da gari ya shekara da shekaru yana haɗiyewa ta shiga gida-gida, 'yan kwaleji na karanta ta da ƙarfi tsakar gida. Kuma kowa ya san masu noman gangaren.

Tsohon yana da ɗiya auta, tela ce, an riga an kai goronta, an sa rana. Saurayin ɗan wani gidan 'yan kasuwa ne, kuma su biyun suna son juna, duk unguwa ta shaida. Ƙanwar saurayin ce ta karanta wa kakarsu tambayar gaban matan gida. Tsohuwar ta ba da amsa, sannan ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Ashe can za mu ɗauko mata." Ba ta yiwuwa ta ce ba ta sani ba tun da, amma muddin ba a faɗa ba, tana iya yin kamar ta manta. Ni na hana ta yin hakan. Bayan kwana biyu sunka aiko gidan tsohon cewa a dakata da auren. Ba a sake tada maganar ba.

Da hantsi tsohon ya zo, a ƙasa, takardar wasan na ninke cikin hannunsa. Bai zauna ba. Na miƙe, guduma ta faɗi mini bisa ƙafa ban ji ba.

"An ce kai ka rubuta. Ni ban iya karatu ba. Nuna mini inda take."

Na ɗora yatsa bisa gidajen bakwai. Wani ɗalibi ya riga ya cike su da jan biro. Ya duƙa ya kalle su da kyau.

"'Yar ƙarama ce ashe," ya ce. "Mi anka ba ka?"

"Ba komi, Baba. Wuri ne ya rage, ita kaɗai ta shiga."

"Wuri ya rage." Ya gyaɗa kai. "Da ka zo ka gaya mini, ina da wasu masu harafi bakwai da yawa."

Ya ninke takardar ya tahi. Na bi shi gida sau uku, ana ce mini ba ya nan, ina jin tarinsa daga zaure. Bai ƙara shekara biyu ba ya rasu. Na je gaisuwa na zauna can gefe. Ɗiyar ta fito kawo wa mutane ruwa, ta miƙa mini moɗa kamar kowa, ta ce a hankali, "Sha, Malam. Ko ruwan hannunmu ma sai ka rubuta?" Ban iya sha ba. Daga baya na ji ta kwashe keken ɗinkinta ta haye ruwa, tana can wani gari inda ba a san kakanta ba.

Ina da haushin mutanen garinmu, ba zan fasa faɗi ba. Kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa da mutum cikin sahu, liman na cewa duk ɗaya muke, su ce amin, amma ranar aure sai a tono wanda anka saya tun kafin a haifi uban kowa. Sai dai su ba su rantse wa tsohon ba. Ni na rantse.

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi bisa rayuwar wata, ba tawa ba. In mutum ya rage murya kafin ya gaya maka magana, ajiya ya ba ka, ba taka ba ce, komin kyanta, komin yadda ta dace da aikin da ke gabanka. Gara aikin ya lalace.