Ranar da Kaka ta doki Bature

A ƙasar waje na tashi, unguwar Mount Hope, a wani bene hawa na biyar. Lokacin sanyi hitar ɗumama ɗaki kan mutu, mai gidan kuma ba ya ɗaga waya. Sai Kaka ta kunna murhun gas, ta ja mu kicin ni da ƙanena Bulus, mu zauna kan buhun shinkafa. Mama tana wajen aiki a asibiti. Nan ake ba mu labari bayan tuwo.

Wanda muka fi roƙo shi ne na wani ƙauye a Ingila. Coci ne ya tura mijin Kaka can karatun fasto, ta bi shi da Mama tana ƙarama. Ƙauyen bai da girma. Cocin dutse da ya girmi kakan kowa, rijiya a tsakiyar gari, kanti ɗaya, tumaki sun fi mutane yawa.

Wata safiya duk garin suka fito da sanduna, fastonsu a gaba, suna zaga gonaki. Kaka ta bi su riƙe da Mama. Da aka kai wani dutse a bakin rafi, sai wani ƙato ya ɗaga Mama, ya juya ta ƙafa sama, ya ƙwanƙwasa kanta a dutsen. Kaka ta fizge sandar wata tsohuwa ta zabga masa a gadon baya.

Bulus kan ce, "Kaka, da gaske kin doki Bature?"

"Sau biyu, maigidana. Na biyun kyauta ne."

Daga baya matar faston ta yi mata bayani. Al'adarsu ce tun kafin taswira. Duk shekara ana zaga iyakar gari, a buga kan yara a duwatsun iyaka, don in sun tsufa su iya nuna inda ƙasarsu ta tsaya. Ashe Mama 'yar gari suka ɗauke ta.

Mu dariya kawai muke yi a lokacin.

Kaka ta rasu, aka binne ta a wata ƙatuwar maƙabarta bayan gari, ba a sa dutse ba. Mama ta bi ta. Bulus ya shiga duniya, bai dawo ba. Ni kaɗai na san wurin, in na mutu ya ɓata. Shi ya sa duk bazara nake jan 'yata Rahila, mu hau jirgin ƙasa mu hau bas, in sa ta a gaba ta nemo kabarin da kanta.

A bara ta kai ni kabarin ba kuskure. Na yi mata ranƙwashi ɗaya.

Ta dafa kai ta ce, "Mama, me na yi?"

Na ce, "Ba komai. Duba wurin da kyau."