Takalmin Azariya da Tsinken Tsintsiya

Shekara ashirin da biyu Azariya ne ke jan gaba duk ranar da 'yan ikilisiyarmu za su hau dutsen Kagoro, su kai godiyar kaka wurin 'yan'uwa da ke zaune can sama. Tafiyar awa uku ce ga mai ƙarfi. Shi manomin citta ne, gajere, marar surutu, kuma Allah ya ba shi ƙafa mai faɗi kamar faranti.

Bana tsohon takalminsa na kambas ya wage baki, mai gyara ya ce ba sauran wurin soka allura. Ga shi dattawa sun fara raɗe-raɗin a bar wa Dickson, shugaban mawaƙa, jan gaban, wai shekarun Azariya sun ja. Da ya ji, sai gaisuwar Dickson ta koma samun amsa ta hanci.

Lokacin haƙar citta ne, gona ba ta baruwa. Sai ya yi yadda kowa ke yi: ya zaro tsinke daga tsintsiya, ya auna daga diddige zuwa babban yatsa, ya karya, ya ba matarsa Paulina ta kai wa Ifediora mai gwanjo a kasuwar Kafanchan.

Takalmin da ta kawo tsawonsa daidai, amma ƙafar ko rabi ba ta shiga ba. Tsinke tsawo kawai ya sani. Ran Juma'a, ana gobe tafiya, ya sake tura ta.

"Maman Doreen, ki ce masa mai faɗi. Da safa mai kauri, ba irin ta zuwa coci ba."

A mota Paulina ta sayi gasasshiyar masara. Masara ta maƙale mata a haƙori, ga tsinke a hannu, ga hira ta yi daɗi. Ta ɗan karya bakinsa ta yi sakace, sau biyu ko uku, ita ma ba ta ƙirga ba. Ifediora ya karɓi abin da ya rage ya juya shi.

"Madam, ƙafan Oga ya yi ƙasa ne?"

"Kai dai ka ba ni mai faɗi."

Da yamma Azariya ya cusa ƙafa. Faɗi ya yi kyau, yatsu kuwa sun durƙusa kamar masu addu'a.

"Ina tsinken?"

Ta miƙa masa. Ya gwada a tafin ƙafa, ya dube ta.

"Wannan ai ƙafar Doreen ne! Me ya cinye shi?"

"Masara," in ji ta, a hankali.

"Masara! Safar fa?"

Ta fiddo mai santsi, har da zanen fulawa. Masu kaurin sun ƙare.

Kasuwa ta tashi, ba damar musanya. Azariya ya ɗauki wuƙa ya yanke bakin takalmin, yatsu suka leƙo waje.

Asabar da safe ya shiga gaba, fuska a ɗaure. Awa ɗaya ya yi yana jan mutane. Safa na zamewa, ƙafa na gurzar takalmi, tsakuwa na shiga ta tagar da ya buɗe mata. Diddige ya yi bororo, bororo ya fashe. A wurin hawa mai tsauri babban yatsa ya gaisa da dutse. Abin da ya fito bakinsa da yaren gida, Fasto Gilbert ya yi kamar bai ji ba.

Ya zauna ya cire takalmin, ya daɗe yana kallon hanya. Mutum arba'in na tsaye a bayansa da kwandunan doya a ka.

"Dickson," ya ce, "zo ka wuce. Ka bi hagu, dama akwai santsi."

Shi ya biyo baya ƙafa a ƙasa, takalmi rataye a wuya, Paulina na gefensa. Sun isa an gama waƙa ta biyu. Dickson ya tashi ya ba shi kujera.

Azariya ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Ka cika sauri," ya ce. "Ka wahalar da tsofaffi."