Yayana Mai Giya da Mijina Mai Inji

Yayana bai taɓa kai barasa bakinsa ba, amma shekara talatin ke nan ana kiransa Mai Giya. Giyar mota ake nufi. Akwai gwaggonmu da ta rasu tana yi masa addu'ar shiriya, saboda ta ji sunan a bakin mutane, shi kuma ya ƙi zama ya yi mata bayani. Haka yake. Gara a yi masa mummunar fahimta da ya ɓata yawun bakinsa.

Ni ce autar gidanmu, kuma ni malamar makaranta ce. Mutumin da Yaya ya fi tsana a duniya kuwa, shi ne uban 'ya'yana.

Babanmu manyan motoci yake gyarawa, a wani dogon gareji mai rufin kwano da rami a tsakiya. Yaya ya tashi a cikin ramin nan, amma zuciyarsa ba ta wajen motocin kaya. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne ƙananan motocin tsere masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ke kusan shafar ƙasa, masu hali na kai su wani tsohon fili a bayan gari ranar hutu su gwada gudu. Aikinsa shi ne ya buɗe akwatin giya ya canza ƙafafun haƙoran da ke ciki. In ana son mota ta yi zabura daga tsaye, ya sa gajeriyar giya. In dogon zango ake so, ya sa doguwa. Wadda babu ita a kasuwa ya yanka da kansa daga dunƙulen ƙarfe, ya gasa ta a wuta har ta yi tauri. Yakan yi rabin yini da gilashin ƙara girma a ido yana kallon haƙori ɗaya.

Hannu dai Allah ya ba shi, amma ya hana shi daɗin baki. In mai mota ya ce, "A ƙara mata gudu," sai Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wanda take da shi ka iya da shi?" Matarsa takan ce shekara ashirin tana zaman kishi da ƙarfe, kuma ƙarfen ne ke cin nasara.

Mijina abokinsa ne tun makarantar koyon sana'a. Shi mutumin inji ne, ga fara'a, ga surutu. Yakan faɗaɗa cikin inji, ya sa fistin masu jure zafi, ya ɗaura turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi don ya ƙona mai da yawa. Bayan rasuwar Baba, Yaya da kansa ya kawo shi garejin, shi ya kuma kawo shi gidanmu har ya gan ni. Har yau in rai ya ɓaci yakan ce, "Kuskure biyu na yi a rayuwata, kuma a mutum ɗaya na yi su."

Sun yi shekara goma lafiya. Mijina a bakin ƙofa, Yaya can ƙurya. Ƙa'idarsu ɗaya ce: in mijina ya gama inji, zai rubuta ƙarfinsa a takarda, daidai da ƙarfin doki kaza, Yaya kuma ya yanka giyar da za ta ɗauki wannan ƙarfin. Sai dai akwai abin da ke cin Yaya a rai. In aka tayar da mota ta yi ruri, mai ita mijina yake rungumewa. Ba wanda ya taɓa leƙa ƙurya ya ce sannu da aiki.

"Kowa na jin ihun inji," ya ce da ni wata rana. "Giya kuwa sai ranar da ta karye ake sanin tana nan."

Ana nan sai wata likitar haƙori ta kawo motarta, ruwan ɗorawa. Gajeriyar mace ce, ta haura hamsin, ba ta da wasa. Akwai wani ɗan kwangila da ke wuce ta duk mako a filin tsere, ya leƙo ta taga ya ɗaga mata hannu. Ta ce so take ta ga ƙarshen ɗaga hannun nan.

Mijina ya yi wata biyu a kan injin. Ya rubuta wa Yaya doki ɗari huɗu. Yaya ya yanka giya, aka ɗaura. Fita ta biyu giya ta uku ta zube, aka jawo motar da igiya.

"Ƙila ƙarfen bai gasu ba," in ji mijina a gaban likitar, yana magana a tausashe kamar mai rufa wa suruki asiri.

Yaya ya ɗauki akwatin giyar ya koma ƙurya. Ya sake yanka wata, ya ƙara mata kauri. Mako uku ta yi ta sake zubewa. Wannan karon likitar ta shiga har ƙurya da takalminta mai tsini.

"Malam, ni ma haƙora nake yi," ta ce. "Wanda na dasa ba ya faɗuwa sau biyu."

Yaya ya zuba gutsattsarin ƙarfen a kan farin ƙyalle yana juya su da ɗan yatsa. Daga baya ya gaya min abin da ya gani. Haƙorin da bai gasu ba cinyewa yake yi a hankali, gefensa ya yi sulɓi. Waɗannan kuwa tsinkewa suka yi daga gindi lokaci guda, kamar an sare su da gatari.

"Likita," ya ce, "an taɓa ɗora motar nan a na'urar gwaji?"

"An ɗora. Surukinka ya kai ta. Ga takardar ma." Ta ciro ta daga jaka, da alama tana alfahari da ita. Doki ɗari biyar da arba'in.

Ranar Yaya ya zo gidana, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya tarar da mu muna cin abincin rana. Bai zauna ba. Ya ajiye takardu biyu a gefen kwanon mijina, wadda aka rubuta masa da hannu da ta na'urar.

"Karanta min, mijin Auta. Idona ya fara rauni."

Mijina ya goge hannu. "Yaya, da na gaya maka gaskiyar lambar, cewa za ka yi akwatin ba zai ɗauka ba, ka ƙi aikin."

"Ba zai ɗauka ba."

"To ka ji. Kai komai ba zai yiwu ba. Da ta kai ake bi, da har yau keke muke gyarawa."

"Sau biyu ka tsaya a gaban mace ka ce ban iya gasa ƙarfe ba."

"Cewa na yi ƙila."

Na ce, "Yaya, zauna mana ka ci abinci, a yi magana a tsanake."

"Ke kuma rufe min baki. Ba zan ci abincin da aka saya da sunana ba." Ya juya ga mijina. "Gobe ka kira ta, ka faɗa a gabana cewa ƙarya ka yi min. Shi ke nan abin da nake nema."

Mijina ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce shi ba ɗalibi ba ne da za a tsayar a gaban aji. Bayan Yaya ya fita na gaya masa cewa shi ne marar gaskiya, kuma kalma ɗaya za ta kashe wutar nan. Ya ce ai dama jini ya fi aure kauri. Kwana huɗu ba mu yi magana ba.

Abin da ya ba kowa mamaki, washegari Yaya ya karɓi akwatin giyar ba tare da gardama ba. Ya rufe kansa a ƙurya kwana goma sha biyu. Ya ƙarfafa akwatin da faranti na ƙarfe, ya yanka sababbin haƙora, ya ɗaura da hannunsa, bai bar kowa ya taya shi ba. Mijina ya dawo gida yana cewa, "Ka ga, ashe zai yiwu. Sai an matsa masa." Ni dai ban yarda ba. Na san Yaya tun ina goye. In ya yi shiru haka, ba haƙuri ya yi ba.

Ranar tseren na je filin, karo na farko a rayuwata. Rana tsaka, kwalta na tururi, mutane sun jeru a bayan igiya. Motar likita da ta ɗan kwangila suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Aka sauke tuta. Injin mijina ya yi ruri har ƙirjina ya amsa, amma motar ta taso kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Kafin ta farfaɗo, ɗan kwangila ya kai rabin fili. Har da hannun ya ɗaga mata.

Doguwar giya Yaya ya sa mata, irin wadda sai an yi tafiya mai nisa ƙarfinta ke fitowa, a filin da bai kai kilomita ɗaya ba. Babu haƙorin da ya karye. Babu kuma wanda ya san da giya. Abin da mutane suka gani shi ne inji mai ihu da ba ya tafiya, sai aka dinga yi wa mijina dariya.

Mijina ya nufo Yaya yana huci, ya ci kwalarsa. Yaya bai ko ɗaga hannu ba.

"Ƙila injin bai gasu ba," ya ce.

Sai da mutum uku suka raba su. Likitar ta fito ta cire hular kwano, ta tsaya ta saurari kowannensu har ta gane abin da ya faru. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wato ni ce allon da kuke rubuta wa juna zagi a kai," ta ce. "Ɗaya ya sa ni gudu da giyar da ya san za ta iya fashewa ina ciki. Ɗaya ya mai da ni abin dariya don ya rama. Allah ya haɗa ku, kun dace da juna."

Ta sa aka ɗora motar a babbar mota aka kai wani wuri. Ta kuma ba da labarin ga duk wanda ya buɗe baki a kujerarta, kuma masu irin motocin nan duk sun san juna.

A makon aka kawo bulo. Yaya ya ja katanga a tsakiyar garejin, ta ratsa ta kan ramin Baba, ya fasa wa kansa ƙofa ta baya. Ya kafa doka: duk motar da mijina ya taɓa injinta, ba za ta shigo wajensa ba. Mijina ya kafa irinta. To wa zai gyara inji a nan, ya ɗauki giya ya kai wani gari? Masu motocin suka watse ɗaya bayan ɗaya. Mijina ya koma canza baƙin mai da fulogi. Yaya ya koma yanka haƙoran injin niƙa da na famfon ruwa, kuma da irin kulawar da yake yi wa motar tsere yake yi musu.

Na yi iya ƙoƙarina. Na tura kawunmu, Yaya ya ce masa in an zo da maƙaryacin ya amsa laifinsa, ƙofa a buɗe take. Mijina ya ce shi aka tozarta a bainar jama'a, shi za a ba haƙuri. Shekara tara ke nan. Suna jin tarin juna ta saman katanga. Ranar da aka kwantar da ni a asibiti, sai da ma'aikaciyar jinya ta raba musu lokacin ziyara.

Bara idon Yaya ya yi rauni da gaske, ya ce zai rufe wajensa ya sayar da kayan aiki. Mijina ya tura wani dillali a ɓoye don ya sayo masa injin yankan haƙoran Yaya. Yaya ya yi wa dillalin tambaya uku ya gano wanda ya aiko shi, ya kore shi. Bayan kwana biyu sai ga motar ɗaukar kaya a ƙofar gidana, ƙarti shida suna sauke injin a tsakar gida, Yaya na nuna musu wuri da sanda.

"Auta, naki ne, kyauta," ya ce. "Sharaɗi ɗaya. Ranar da ya sa masa hannu, ban yafe ba."

Na ce, "Yaya, me zan yi da shi? Ni alli nake riƙewa."

"Ki yi shanya a kai."

Mijina na tsaye a bakin ɗaki da buta a hannu. Ya dubi injin, ya dubi Yaya, ya koma ciki ya rufo ƙofa. Yaya ya sallami ƙartin, ya tambaye ni lafiyar yara, ya tafi.

Injin na nan ƙarƙashin tamfol, ya cinye min rabin tsakar gida. Mijina kewaye shi yake yi in zai fita. Duk ƙarshen wata Yaya kan zo da gwangwanin mai ya shafa masa, ya kuma duba ko akwai sawun yatsa.