Adda Hauwa Ba Ta Shiga Ɗakin Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Adda Hauwa. A unguwarmu ta Nassarawo, cikin Mubi, ba sai na yi bayani ba, amma ga wanda bai san ta ba, ita ce ungozomar layinmu. Ta yanke cibiya, ta yi wa mai jego wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta kuma wanke ki tas da baki idan kika yi raki. Da wuya a sami macen da ta haihu a unguwar ba ta tuɓe a gabanta ba. Ita kuwa ban san wanda ya taɓa ganin ko kafaɗarta ba, har ni da muka fito ciki ɗaya.

Wata shekara ma'aikatan lafiya suka zo makarantar firamaren unguwa don duba mata saboda sankarar mama. Mata suka noƙe. Adda ce ta bi gida-gida tana fito da su kamar mai kora awaki, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ajin da ake dubawa, tana tura su ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu akwai wadda aka samu da abu, aka yi mata aiki a Yola, ga ta nan har yau tana suyar ƙosai. Da layi ya ƙare, sai nas ɗin ta leƙo. Rahila ce, 'yar maƙwabtanmu mutanen ƙauyen Vimtim, wadda Adda ta karɓi haihuwarta da hannunta.

"Inna, saura ke," in ji Rahila.

"Ni? In buɗe ƙirji gaban yarinyar da na yanke wa cibiya? Tafi can. Ba abin da ke yi mini ciwo."

Muka yi dariya, har da Rahilar. Adda ta naɗe tabarmarta muka koma gida.

Ashe a lokacin akwai ƙullutu a nononta, kuma ta san da shi. Ta saba da nonon masu jego, wanda in ya yi tauri yakan yi zafi, a gasa shi da ruwan ɗumi ya sake. Nata bai yi zafi ba, don haka a wurinta ba cuta ba ne. Da ya fara zafin, sai ta yi ta gashi. Sai da hannunta na hagu ya kumbura, ta kasa ɗaga tukunyar wanka, sannan ta yarda muka tafi Yola. Likitan ya ce an makara. Namiji ne, matashi ma, amma ta tuɓe a gabansa ba gardama, tunda ba ita ta yanke masa cibiya ba. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Ba ta ga shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka bar Mubi da ƙafa ba, kowa da ƙullinsa a ka. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga mace na haihuwa a gindin bishiya, wasu sun kare ta da zannuwa, ko suruka da matar ɗanta suna wanka a bokiti ɗaya a gidan da aka sauke mu. Ina jin da ta ce duniya ta lalace, sannan ta nemi itace ta dafa ruwa. Muka dawo, aka gyara ƙofofin da aka ɓalle, kasuwa ta ci. Kunyar da muka ajiye a hanya ita ma ta biyo mu gida, ba abin da ya same ta.

Bara aka sake zuwa dubawar, Rahila ce kuma a ɗakin. Na kai shekarun da Adda ta rasu a kansu, kuma ni ma na goyi Rahila a bayana. Na tarar da tsofaffin layinmu zaune a inuwa, sun rako matan 'ya'yansu, kowacce na cewa ita lafiyarta ƙalau. Na zauna cikinsu, zaman ya yi mini daɗi, har na fara taya su hira. Ban san me ya tashe ni ba, in ba tuna kumburarren hannun nan ba.

Rahila ta ga na tsaya riƙe da bakin riga. Ta ce, "Goggo, in kunya ne ki rufe ido."

Na ce, "Ke dai ki buɗe naki."

Ta lalubo wani abu kamar ƙwayar gyaɗa, wanda ni ban taɓa ji ba, ba ya kuma zafi. Aka cire shi a Yola, na sha magani na jigata, ga ni ina rubutu.

Mutane na tuna Adda da hannunta, da bakinta, da yaran da ta karɓa waɗanda yanzu sun cika Mubi da babura. Ni ina kewarta, kuma har yau ina jin haushinta, don ta ja mata da yawa zuwa ƙofar nan ta bar kanta a waje. Tabarmarta tana wurina. Ranar dubawa nakan shimfiɗa ta a inda take shimfiɗawa, in tura mata yadda take turawa. Amma ba na zama a kanta sai na shiga na fito.