Zubaida Ya Sauka

Baba Zakka mai gyaran rediyo ne a Yelwa, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya ce "ta" ba. Kowa a bakinsa "ya" ne. Matarsa Liatu ya tafi kasuwa, akuya ya haihu, mota ya lalace. Mutumin Bogoro ne, ya shigo Bauchi yana saurayi, ya tsinci Hausar kasuwa, ita ya riƙe har furfura ta rufe masa kai. In an tsokane shi sai ya yi dariya ya ce, "Kun gane dai, ko? To saƙo ya isa."

Ni Maimuna, ungozoma ce a Miri, kuma ta hanyar rediyo na san shi. Ba irin wadda ake kunnawa a ji waƙa ba, irin wadda mutum zai danna maɓalli ya yi magana, ya saki ya saurara. Muna da 'yar ƙungiya ta masu sha'awar abin, ba mu kai ashirin ba. Baba Zakka ne ya kafa ta shekara ashirin da suka wuce, shi da amininsa Alhaji Ɗanlarai, mai shagon yadi a Ƙofar Wambai. Alhaji ke da baki da sanin mutane, Baba Zakka ke da hannu. Shi ya harhaɗa na'urar da ke kan dutse wajen Gubi, wadda ke karɓar maganar mutum ɗaya ta watsa wa saura. Shi ke hawa ya goge farantin sola, ya kori ƙadangaru daga akwatin batir.

Abu ɗaya yake ji da shi a duniya, labaran Asabar. Ƙarfe takwas na safe Alhaji zai kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya mu amsa, sannan Baba Zakka ya buɗe littafinsa ya karanto abin da ya tara a mako: inda gada ta karye, wanda ke kwance a asibiti yana neman jini, ranar da za mu fita yashe magudanar ruwa. Ya rufe da "saba'in da uku," wato gaisuwar sallama ta masu wannan rediyo a ko'ina. Liatu ta ce ko ranar auren 'yarsu Jemima sai da ya karanta labaran kafin ya sa riga.

Shekara biyar ke nan, cikin Agusta, aka kwana biyu ana ruwa. Kwalbatin bayan Miri ya tafi, wayoyin salula suka mutu. A wani ƙauye da ke ƙetaren rafi ne Zubaida take aure, 'yar Alhaji Ɗanlarai ta fari, kuma a ranar ne naƙuda ta kama ta. Na ƙetara da jakata da 'yar rediyona ta hannu. Haihuwar ta zo da gardama, ina bukatar likita ya faɗa mini abin yi, na danna maɓalli na ji shiru. Batirin kan dutse ya ƙare, kwana biyu ba rana.

Ashe Baba Zakka ya lura tun da safe. Ya kwance batirin shagonsa, ya ɗaure a babur, ya je gindin dutsen, ya ɗora a kai ya hau cikin ruwan nan, mutum mai shekara sittin da wani abu. Wajen azahar na ji muryarsa. Ya samo likita, ya tsaya tsakaninmu yana kai magana yana kawowa, har Allah ya sauke ta. Shi na fara faɗa wa, shi kuma ya faɗa wa duniya.

"Alhaji, Alhaji! Zubaida ya sauka. Ya sauka lafiya, namiji ne."

Duk mun ji Alhaji yana kuka a rediyo. Ranar suna, a gaban malamai, ya riƙe hannun Baba Zakka ya ce wannan ɗan'uwansa ne na jini, duk wanda ya taɓa shi ya taɓa gidansu. Ina wurin, da kunnena na ji.

Ƙarshen daminar bara sai ga takarda daga wata ƙungiyar agaji ta Abuja. Sun ji labarin aikinmu, za su zo ranar Asabar da sababbin kaya da masu ɗaukar hoto, suna so su naɗi labaran mako yadda muka saba yi. Baba Zakka ya kai ɗinki. Ya sayi sabon littafi, ya sake kwafe labaran da rubutu mai kyau, yana karanta wa Liatu tana gyara masa tsayuwa.

Ranar Alhamis da hantsi ina cika katin awo, rediyon kan teburina ta buɗe da kanta. Na ji hayaniyar kasuwa da ƙarar almakashi. Na gane shagon Alhaji ne. Daga baya muka san abin da ya faru: ya ajiye rediyonsa a kan kantar shago, aka dire bandir ɗin shadda a bisa rediyon, nauyinsa ya danne maɓallin. Shi bai sani ba, mu kuwa muna ji har numfashinsa. Yana tare da Malam Musaddiq, sakatarenmu, wanda ke koyarwa a Gubi.

"Kai za ka karanta labarai ranar Asabar," in ji Alhaji.

"Baba Zakka fa, Alhaji? Har ɗinki ya kai."

"Sai mu ce na'ura na bukatar ido, ya hau dutse ranar. Malam, mutanen Abuja ne fa, da kyamara. Kana so ƙasa duka ta ce haka Hausar Bauchi take?" Sai ya maƙale murya, ya kwaikwayi tsohon nan tsaf. "Alhaji, Alhaji! Zubaida ya sauka!"

Suka yi dariya. Ta Musaddiq gajeriya ce, ta Alhaji har da buga kantar shago.

"Shekara ashirin ina jure wa," in ji shi. "Mutumin kirki ne, amma wallahi kunnena ya gaji."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na danna nawa maɓallin ina kiran sunansa, alhali na san banza ne, mai magana ba ya ji. Na buga wayarsa sau huɗu bai ɗauka ba. Raina ya ɓaci. Da wata maganar ya kwaikwaya, da na ce tsokana ce irin ta abokai, ai mu ma muna yi. Amma duk maganganun da Baba Zakka ya yi a shekara ashirin, ya rasa wadda zai yi wasa da ita sai wadda ta kawo masa labarin ran 'yarsa. An ci moriyar ganga ke nan, za a yar da kwaurenta. Kuma na san Baba Zakka ba ya kashe rediyon shagonsa.

Daga baya Liatu ta ce mini a lokacin tana shagon, ta kai masa kunu. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye ƙarfen liƙi, ya ɗauki makullin babur. Ta tare ƙofa, ta ɗauka faɗa zai je yi. Ya ce mata, "Ya toshe hanya. In wani ya kira neman taimako yanzu, ba mai ji." Doka ce da shi ya koya mana: in maɓallin wani ya maƙale, wanda ya ji ya je ya faɗa masa da ƙafa.

Kusan minti ashirin muna jin ana cinikin yadi. Sai ƙarar babur, sai sallama.

"A'a, ɗan'uwa!" in ji Alhaji. "Yanzu muke zancenka."

"Na sani," in ji Baba Zakka. "Alhaji, maɓallinka ya maƙale."

Aka ji jan yadi, sai ɗif. Na zauna ina tunanin cewa wannan karon ko malamin Hausa ba zai sami abin gyarawa a maganarsa ba.

Ranar Asabar ba wanda ya iya buɗe baki ya tura shi dutse. Da kansa ya hau, da tsohuwar rigarsa, don kada na'ura ta ba mu kunya a gaban baƙi. Alhaji ya fara kiran suna, ya zo kan na Baba Zakka. Shiru. Ya sake kira. Shiru. Ya kira na uku, sai ya tuna, muka tuna tare: kira uku ba amsa, haka muke yi wa ɗan ƙungiya in ya mutu. Musaddiq ya karanta labarai da Hausa mai tsabta, baƙi suka tafa. Ni ban riƙe ko kalma ɗaya ba.

Alhaji ya je Yelwa ban haƙuri sau biyu, har da turmin shadda. Baba Zakka ya ba shi kujera da ruwa, ya ce ba komai, ya wuce. Amma wata bakwai ke nan Baba Zakka bai danna maɓalli ba. Sabuwar rigar na nan a ninke, in ji Liatu.

Makon jiya na gamu da shi a hanyar Gubi, ya ɗauro jarkar ruwa da tsumma a babur, zai hau goge sola. Haushi ya kama ni. Na ce, "Baba, don Allah me kake yi wa mutanen nan wahala? Su hau da Hausarsu mana."

Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya.

"Ke kuma, Maimuna," ya ce. "Damina ya kusa. In wani mata ya fara naƙuda fa?"